Hoton Motar Ebo a Moree

Araba malamar jinya ce a Takoradi. Ranakun hutu takan bi ƙauyukan masunta tana ɗaukar hotunan motocin haya. A tashar Elmina, saurayinta Ebo direba ya jira fasinjoji suka sauka, ya juyo yana murza hularsa.

"Araba, Lahadi zan turo kawuna gidanku."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta miƙa masa kyamara. A hoton, ga motarsa a bakin teku a Moree, ga shi da yaro a wuya, wata mata tana ba shi kifi a baki.

"Motar na tsaya ɗauka," ta ce. "Ban san da ku ba."

"Tsaya ki ji..."

"Kunnuwanka ne da yaron, Ebo."

Ta karɓe kyamararta ta shiga wata motar. Ta koma Takoradi.