Gidan Ungozoma

Saura minti goma masu duba gidan su iso, Tela ya danna wa ƙofar sito kwaɗo, ya ja ya ji ya kama, ya jefa makullin a aljihu. Tun da safe matarsa ta kwashe yara ta yi gidan yayarta, don autar nan ba ta iya riƙe magana ko ta minti ɗaya.

Abin da ya faru shi ne, wata biyu da suka wuce aka zo aka shafa wa bangon layinsu jan fenti kaf. Wai za a faɗaɗa titi saboda manyan motocin baƙi masu zuwa kallon hasumiyar agogo da tsohon ɗakin karatu. Ranar Litinin katafila za ta shigo. Gida ɗaya ne ya tsira, na wani tsohon alƙali, don an liƙa masa allon nan na tagulla mai cewa gidan tarihi ne.

Tela ya yi ta sintiri ofis-ofis har takalminsa ya tsinke, sannan aka ba shi fom ɗin neman irin allon nan. Sharaɗi biyu ne. Ginin ya haura shekara ɗari, kuma wanda ya yi suna a cikinsa ya zamana ya rasu. Na farko ba matsala. A na biyu ya daɗe riƙe da biro, sannan ya rubuta kakarsa, ungozoma, wadda rabin unguwar nan a hannunta suka faɗo duniya.

In gidan nan ya tafi, wallahi ba su da inda za su. Shagon ɗinkin ma a ɗakin gaba yake.

Su uku suka zo. Injiniya da tef ɗin awo, mai hoto, sai shugabarsu, wata mata mai farin gilashi, fuskar nan ba alamar dariya. Kafin Tela ya ce a yi hankali da ƙofa, ita ta riga ta sunkuyar da kai. Injiniya kuwa ya gwara goshi, ya ja tsaki, ya rubuta wani abu.

Shi ke nan, Tela ya ce a ransa, an fara.

Ya hau da su sama yana zuba bayanin da ya kwana uku yana haddacewa. Matakala ta uku tana rawa, ya manta bai faɗa ba. Shugaba ta tsallake ta, mai hoto ya kusa zubar da haƙora.

Ga ɗakin kaka. Gadon ƙarfe, fitila, akwati mai almakashi da zare, da wani littafi mai kauri da kaka take rubuta duk jaririn da ta karɓa. Ɗakin sai ƙamshin man zafi yake.

"Malam, wannan silifa ta tarihi ce ita ma?" in ji mai hoto. "Ko tambarin shago ba a cire ba."

"Ta matata ce." Tela ya shure ta ƙarƙashin gado.

Shugaba tana buɗe littafin a hankali, shafi bayan shafi. Ba ta ɗago ba ta ce, "Yaushe ta rasu?"

"Bara. Au, bara waccan, ranki ya daɗe."

Ta cire gilashi ta yi ta gogewa da bakin mayafi, ta daɗe tana gogewa.

Da suka sauko, injiniya ya samu tsaga a bango, ya zura biro ya shige har rabi. Ya girgiza kai. Tela ya bi shi kamar zai yi kuka, yana cewa zai liƙe, gobe-goben nan zai liƙe, ko keken ɗinkinsa zai sayar. Mutumin ko kallonsa bai yi ba. Ya tsaya a ƙofar sito.

"Buɗe nan in auna."

"Makullin ya ɓata, yallaɓai."

Daidai nan aka yi tari a cikin siton. Biyu gajeru, ɗaya dogo mai jan numfashi.

Gumi ya gangaro wa Tela har cikin kunne.

"Mage ce," ya ce.

"Magen taku sigari take sha?" in ji mai hoto.

Injiniya ya kama kwaɗon yana jijjigawa, yana waige-waigen dutse. Tela ya hango katafila, ya hango katifunsu a bakin titi, yara zaune a kai.

"Bar shi," in ji shugaba. Ta juya musu baya tana kallon bango, kafaɗarta tana ɗan motsi. "Siton taku huɗu ne da uku, taga ɗaya a sama. Rubuta mu tafi, rana tana yi."

Injiniya ya saki kwaɗon, ya rubuta.

A kan keken ɗinki ta sa hannu ta buga hatimi. Ta ce ranar Asabar za a kawo allo, tsagar nan kuma a liƙe ta. Sauran biyun suka fita. Tela ya riƙe takardar da hannu biyu.

A bakin ƙofa ta sunkuya za ta fita, sai ta tsaya, ta rage murya.

"Maza ka buɗe wa Kaka, siton nan ba iska. Ka ce 'yar mai wanki tana gaishe ta, kuma shekara talatin ke nan ba ta nemi maganin tarin nan ba."