Injin Niƙan Kambarawa

Injin niƙa ya mutu muna tsakiyar waƙa, sai duk unguwar Kambarawa ta ji gurnaninmu.

Wata shida mu huɗu muna fakewa da ƙarar injin muna kiɗan det metal, kiɗan da mawaƙi ke ruri kamar ana yanka shi. Maƙwabta suka rugo da malamin ruƙiyya, wai aljani ya shiga gidan.

Mai injin, mahaifiyar mawaƙinmu, ta tare ƙofa.

"Malam, yi haƙuri, a koma. Tun da 'yan bindiga suka kashe ubanshi bai zubar da hawaye ba. Kukanshi ke nan."

Ta ja igiya, injin ya tashi. Sai ran nan na leƙa bakin injin. Ko ƙwayar gero babu.