Maginin Tukwane da Mai Ƙararrawa

Barira, 'yar ƙanena, gyara zama ki saurara, domin maganar da kika kawo mini ta ɓata mini rai ƙwarai, ni kuwa ban saba haɗiye ɓacin rai ba. Kin ce mata ɗari uku masu sayen sabulunki da man kaɗenki sun ba ki adireshinsu na imel da hannunsu, don ki riƙa aika musu da labarin kaya duk wata. Kin ce kin duba kamfanonin da ke aika irin waɗannan wasiƙu, kin zaɓi wanda ya fi kowa araha, ba ki tambayi komai ba sai farashi. Sa'an nan kika kawo mini wasiƙar in gyara miki nahawu. Nahawu kam na gyara, kamar yadda na yi shekara talatin da biyar ina gyara wa manyan da suka fi ki gemu da rawani. Abin da ya rage misali ne, ga shi kuwa.

An yi wani maginin tukwane a wani gari, wanda randarsa ke sanyaya ruwa har sai haƙora sun amsa. Duk sa'ad da ya gasa sabon kaya, akwai wata tsohuwa da ke kai labari gidajen da suka saba saye. Takan tsaya a zaure ta yi sallama, ta jira a amsa, ta gai da matar gida da sunanta, ta faɗi saƙo a taƙaice, ta fita. Gidan da aka ce mata an ƙoshi da tukwane, ba ta sake taka shi sai an neme ta. Ladanta ba shi da yawa, amma magini yana jin nauyinsa duk ranar biya. Wata rana sai ga wani ƙato da ƙararrawa a hannu, ya ce zai kai saƙon nan gida-gida a kan goro ɗaya tak. Magini bai tambaye shi yadda goro ɗaya ke ciyar da ƙato ba, bai kuma tambaye shi saƙon su wa yake ɗauke da shi ba. Ya sallami tsohuwa ba ko godiya, ya zayyana wa mai ƙararrawa gidajen nan kaf, har da na limamin unguwa da na wata mata da ke cikin takaba.

Ashe abin da ya sa aikin ya yi araha shi ne bakin mutumin na haya ne ga kowa. Saƙo ashirin yake ɗauka a fita ɗaya: na mai maganin da ke warkar da cuta casa'in da tara, na bokan da ke ninka dukiya, na dillalin da ya sayar da gona ɗaya ga mutum uku. Sai ya tsaya a ƙofar gida da tsakar rana, mutane na ƙailula, ya kaɗa ƙararrawa ya zazzage su duka a numfashi ɗaya, labarin randa yana tsakiya kamar ƙwayar gero a cikin tsakuwa. Babu sallama, babu gaisuwa. Wanda ya ce kada ya ƙara zuwa, kashegari sau biyu yake zuwa. Gidajen da aka zayyana masa kuwa, ya kai sunayensu ga boka da dillali, su ma suka kama sintiri. Kafin wata ya zagayo mutane sun haddace ƙarar nan, da an jiyo ta daga bakin lungu sai a ja ƙyaure. Magini yana zaune a gindin tukwanensa yana jiran masu saye, yana yaba wa kansa wayo, har damina ta faɗi ta same shi da kaya jibge. Da abin ya ishe shi, ya ɗauki randar da ta fi kyau ya nufi gidan liman da kansa, gidan da aka yi shekara ashirin ana shan ruwa a aikin hannunsa. Liman ya fito zaure, ya dube shi, ya dubi randar, ya ce, "Ashe kai ma cikinsu kake? Kai ne ka nuna wa boka ƙofar mai takaba?" Magini ya rantse bai taɓa sa bokan a ido ba, kuma gaskiya ya faɗa. Liman ya ce ya ji, ya juya ciki. Da randar a ka magini ya koma gida.

To, Barira, matan nan amana suka danƙa miki, ba buhun gyaɗa ba da za ki miƙa wa duk wanda ya yi miki rangwame. Neman araha ba laifi ba ne. Takalmin nan da ke ƙafata sau uku yana zuwa wurin baduku. Amma kafin ki miƙa suna ko ɗaya, ki koma ki tambayi mutanen nan saƙon su wa suke ɗauka tare da naki. Ki tambaye su ko wasiƙunsu gaban mutane suke isa ko kwandon shara, kuma matar da ta ce a daina aiko mata, ana dainawa? In suka fara kame-kame, ki kaɗe zanenki ki tashi, ki nemi wanda ya san sallama ko da zai ɗan fi tsada. Sabulunki na iya fin na kowa ƙamshi, amma ranar da suka koyi ja miki ƙyaure, ba rantsuwar da za ta buɗe shi. Magabata ba su yi ƙarya ba da suka ce: zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.