Ɗakin da Bai Dace da Kare Ba

"Babu taga, bango sai tsattsafo da ruwa yake," in ji Gwaggo Radka, mai duba gidaje ta wata ƙungiyar ceton karnuka a birnin Plovdiv. "'Yata, ba zan ba ki kare ya zo nan ya ruɓe ba."

Tsvetana, 'yar hayar da ke neman karen, ba ta roƙe ta ba. Hunturu uku ta yi a ɗakin nan, tana tari tana karatun lauya.

"To rubuta hakan, Gwaggo. Ki buga hatimi."

Radka ta rubuta cike da isa.

Tsvetana ta ninke takardar. "Ki ajiye min karen. Sai mun haɗu a kotu."

Radka ta sake duba adireshin. Ashe gidanta ne ita Radka, wanda ta bar wa dillali yana ba da haya, ba ta taɓa leƙa shi ba.