Ta Hanyar Zariya

Wuyan yarinyar ya ƙi lanƙwasuwa tun asuba. Malamin asibiti a Malumfashi ya taɓa ƙeyarta, ya dubi uwarta Kulu, ya ce sanƙarau ne, allurar kuma ta ƙare musu. Ya ce ta yi ƙoƙari ta kai ta Zariya kafin rana ta faɗi.

Motar auduga ce ta rage musu hanya zuwa Funtua. A nan tafiya ta tsaya. Ana cikin wahalar man fetur, motocin Zariya na jere a tasha, direbobi na barci a ƙarƙashinsu. Mijinta kuwa yana can kudu wajen ci-rani. Kulu ta gyara goyon Hansai, wadda ba ta cika shekara uku ba, ta nufi inda ta hango baƙin hayaƙi yana tashi.

Ta baya ta ɓullo tashar jirgin ƙasa, tsakanin dilolin auduga. Tsohon kan jirgi ne mai cin kwal, irin wanda aka daina aiki da shi, an goge shi sai walƙiya yake yi. Turawa da matansu da waɗansu manyan ma'aikata sun kewaye shi suna ɗaukar hoto. Babu mai buhu, babu mai akuya, ko ƙunshin kaya babu wanda ya riƙo.

Wani mai gadi ya tare ta da sanda.

"Malam, don Allah ina wannan ya nufa?"

"Ta hanyar Zariya zai bi," in ji shi, ko dubanta bai yi ba. "Amma ba irin naku ba ne, baiwar Allah. Na baƙi ne. Matsa baya."

"Yarinya ce ba..."

Jirgi ya yi wata doguwar ƙara da ta haɗiye sauran maganar. Wani Bature ya yafito mai gadin, ya ruga.

Kulu ba ta taɓa shiga jirgi ba, ba ta kuma taɓa ɗaukar abin da ba nata ba. Ta dubi taragon ƙarshe, wanda ba shi da taga, ƙofarsa a buɗe. Ta yi bisimilla ta haye. Ciki akwatunan lemo ne da kujerun ninkewa. Ta kutsa bayansu ta durƙusa, ta kwanto Hansai ta ɗora a cinya. Wani ya jawo ƙofa daga waje, duhu ya rufe su.

Da ƙasa ta fara motsi a ƙarƙashinta, sai ta ji hawaye sun zubo mata. Jikin yarinyar kamar garwashi. Ta jiƙa bakin mayafi da ruwan gora tana shafa mata a goshi. Can gaba, nesa da su, kan jirgin yana ta huci.

Sai jirgi ya rage gudu, ya tsaya.

Ƙofa ta buɗe. Maza biyu suka shigo suna jidar kujeru, suna ƙorafin zafi. Kowace kujera suka ɗauke, maɓoyarta na raguwa. Hansai ta motsa, ta soma wani siririn kuka. Kulu ta danna fuskar yarinyar a ƙirjinta, ta riƙe numfashi. Ɗaya ya tsaya yana saurare.

"Ka ji wani abu?"

"Cikinka ne, Jibo. Ɗauko lemon nan, Turawa na jira."

Suka fita. Ta tsagar katako ta hango fili da inuwar kuka da wata 'yar tasha. An shimfiɗa tebura. Ana ci, ana dariya, ana tafi, wani yana ta bayani da Turanci. Ta rasa wace irin tafiya ce wannan da matafiya ba sa sauri. Sau da yawa ta yunƙura za ta fito ta faɗi gabansu ta roƙe su su tashi. Sai ta tuna sandar mai gadi. In suka sauke ta a dajin nan, shi ke nan.

Ta zauna tana kallon inuwar kukar tana tsawo.

Daga baya aka mayar da kujeru, aka rufe ƙofa. Wani abu mai nauyi ya bugi taragon har kwalabe suka yi ƙara, haƙoranta suka haɗu. Suka sake tashi. Yanzu hucin kan jirgin a kunnenta yake, hayaƙi yana shigowa ta kowace tsaga, tartsatsin kwal na sauka a mayafinta. Ta ce a ranta, sun ga rana ta yi, sun ƙara wuta. Ta gode wa Allah.

Hansai ta daina kuka. Ɗazu shirun nan Kulu take roƙo, yanzu shi ne ya fi tsorata ta. Ta ɗora kunne a kan ɗan ƙirjin. Yana bugawa, a hankali, amma yana bugawa.

"Yi haƙuri, uwata," ta raɗa mata. "Mun kusa. Ki riƙe mini, mun kusa."

La'asar sakaliya jirgi ya tsaya cikin hayaniyar gari. Aka buɗe ɗaya ƙofar. Kulu ba ta jira ba, ta diro cikin tururi da cunkoson jama'a. Wani ya yi mata tsawa, ba ta waiwaya ba. Ta bi ta babbar ƙofa ta fito titi. Ta ɗaga kai: da sauran rana. Ta iso.

A bakin titi wata Bayarabiya, wadda masu sayen burodi ke kira Risikat, tana ba da canji. Kulu ta kama hannunta.

"'Yar'uwa, don girman Allah, ina hanyar babban asibiti?"

"Wanne daga ciki?"

"Babban, na nan Zariya. Daga Funtua muke, yanzu muka sauka."

Risikat ta dubi baƙin kwal a mayafinta, ta dubi yarinyar da wuyanta ya sanƙare, ta dubi Turawan da ke fitowa suna dariya. Ta ajiye burodin a hankali.

"Wayyo, 'yar'uwa. Wannan ai jirgin shan iska ne, yawo yake kai baƙi ya dawo da su. Nan Funtua ce."