Ba Ta Hammata Ake Ɗaukarsa Ba

Tana goge gefen ɗinkin da ke ƙirjin jaririnta ta ji sallamar mijinta a tsakar gidan iyayenta. Audugar ta faɗi daga hannunta. Rabonta da shi tun ranar da likita ya ce sai an yi wa yaron aikin zuciya, shi kuwa mijin ya ce ba zai iya gani ba, ya bar garin.

Ya shigo ɗakin. Ya rame. Ta ji haushin kanta da ta lura.

"Na zo mu koma gida," ya ce, kansa a ƙasa. "Tsoro ne ya kore ni, ba ƙi ba."

Ta matsa masa a bakin gado. Yaron ya ɓangale baki yana dariya. Uban ya sunkuya da sauri, ya zura hannuwa ta hammatarsa.

"Kar ka ɗaga!" Ta cafke hannunsa. "Ƙashin ƙirjinsa bai haɗe ba. Hannu ɗaya a ƙeya, ɗaya a ƙasansa."

"Wallahi ban sani ba."

"Ai na sani. Inna ta iya. Maƙwabciyarmu ma ta iya."

Hawaye ya gangaro cikin gemunsa. Da kanta ta gyara masa hannuwa, ta ɗora masa ɗansa a hankali.

"Ka riƙa zuwa kana koyo, ɗanka ne," ta ce, tana kallon bango. "Maganar komawa kuwa ka bar ta. Nawa ƙirjin babu wanda ya ɗinka."