Amaryar da Ta Kankare Lallenta

Ga ta nan, ga ta nanku, masu shirin biki.

Ta zo mu ji ta, ko ma tsinci abin tsinta.

An yi wata amarya a wani gari, yarinya mai hankali, wadda ta kawo mijinta da kanta, iyaye suka sa albarka. Tun da aka sa rana take shiri. An yi mata dilka da halawa, an turara ta, har fatarta ta yi laushi kamar ta jinjiri. Da makon biki ya kama, gwaggonta, wadda ita ce uwar biki, ta kwaɓa lalle da hannunta, ta yi mata ƙunshi irin na gidansu, tafin hannu da yatsu da kewayen ƙafa. Lallen ya kama ja wur kamar garwashi. Duk wadda ta gani sai ta ce tubarkalla.

Ranar da za a kai ta ɗakinta, da hantsi, ƙawaye sun cika ɗaki suna ta duba hotunan amare a waya, sai ɗaya ta miƙo mata wani hoto. Baƙin zane ne siriri, furanni da ganyaye, ya taso daga farce har gwiwar hannu.

"Kin ga ƙunshin da ake yayi," in ji ƙawar. "Naki kam, ƙawata, sai ka ce hannun kakata ranar Salla."

Aka kwashe da dariya, aka wuce wani hoton. Ita kuwa amarya zuciyarta ba ta wuce ba. Ta dubi hannunta, jan nan da ta kwana tana sha'awa ya koma mata abin kunya. Ta janye ƙawar gefe, ƙawar ta ce ai ta iya zanen, amma baƙi ba zai fito a kan ja ba, sai an kankare. Suka zagaya bayan ɗaki da lemun tsami da toka da dutsen goge kaushi. To, lalle in ya kama, ba a kan fata yake zaune ba, a cikinta yake. Suka goga, suka sake gogawa, jan ya ɗan koɗe, fatar da dilka ta riga ta tausasa ta saɓule. Ganin rana tana tafiya, ƙawar ta dama dayis, baƙin rinin nan, da kauri don ya kama da wuri, ta hau zane a kan ɗanyar fata. Amarya ta ce yana cizonta. Ƙawar ta ce, "Kamawa ce, daure, kyau ai da wuya." Ta daure.

Ko da aka wanke bayan la'asar, furanni sun zama ƙuraje masu ruwa, yatsu sun kumbura kamar dafaffen rogo, zobe ya ƙi shiga. A ƙofar gida motoci sun jeru, mata suna rangaɗa guɗa, gwaggo tana ta kira a fito da yarinya. Amarya ta ja mayafi ta lulluɓe, ta cusa hannayenta ciki, ba ta gaya wa kowa ba. Hawaye suna zuba, kowa ya ɗauka kukan rabuwa da gida ne, har ana ba ta haƙuri ana cewa kowace mace da haka ta saba.

A gidan ango, ɗakin uwar miji aka fara kai ta. Dangi sun cika ɗakin maƙil. Gwaggo ta ce ga amana sun kawo, aka karɓa da addu'a. Al'adar gidan kuwa ita ce, uwar miji ta miƙa wa sabuwar suruka ƙwaryar madara, ita kuma ta karɓa da hannu biyu ta kurɓa, shi ke nan ta zama 'yar gida. Tsohuwa ta ɗauko ƙwarya ta miƙa. Amarya ba ta motsa ba. In ta fito da hannu, duk ɗakin nan zai ga abin da ta yi wa kanta. In ta ƙi, ta raina uwar mijinta a gaban danginta tun ranar farko, kuma irin wannan ba a manta shi. Ƙwarya tana nan a sama. Guɗa ta tsaya. Madarar ta fara tangaɗi. Daga can baya wata ta ce ƙasa-ƙasa, "Ko ƙwaryar ce ba ta yi mata ba?" Gwaggo ta sunkuyo ta mintsine ta. "Karɓi mana, 'yar nan, uwarki ce."

Sai amarya ta fito da hannayen.

Ɗaki ya ɗauki salati. Tsohuwa ta dubi hannayen nan, ta ga ba su iya riƙe ko cokali, sai ta matso, ta ɗaga mayafin, ta kai ƙwaryar bakin amarya da kanta, sannan ta ce a kawo man kaɗanya da tsumma mai tsabta. Babu wanda ya yi faɗa. Gwaggo ce kawai ta juya tafin hannun a hankali, ta daɗe tana dubawa, ta ce, "Ina lallen da na sa miki?" Wannan tambaya ta fi ƙunar dayis ciwo.

Sai da wata ya kusa shuɗewa kafin ta iya riƙe muciya. Da fatar ta saɓe ta warke, ba ja, ba baƙi, sai tabo.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, wanda ya ji ya ƙara wa na baya. Dama Hausawa sun ce, garin neman gira, an rasa ido.